Babi Na Biyar: Jan Biro Daga Nesa

Wanda ya biyo babbar hanyar Nnamdi Azikiwe daga Kabala West, ya haye gadar kogin Kaduna ya miƙa kudu, sai ya ratsa Tirkaniya kafin ya kai mahaɗar hanyar Abuja. Unguwa ce ta masu neman na kansu, tana maƙwabtaka da Nasarawa da Kudenda da Kakuri, yankin da masaƙu suka tara wa jama'a daga kowace kusurwa ta ƙasar nan tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Masaƙar ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, amma mutanen da suka taru ba su watse ba. 'Ya'yansu da jikokinsu na nan, Gbagyi da Bajju da Atyap da Hausawa da Nufawa da Ibo da Yarabawa, kuma Hausa ce ke haɗa su a bakin famfo da cikin Keke Napep. A irin wannan unguwa ba a rasa yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB, ko saurayin da ke zaman shagon cajin waya, wanda ya cika wayarsa da labarin da yake rubutawa da manyan yatsunsa biyu. Abin tambaya shi ne, irin wannan mai koyo zai iya zama marubuci a hannun malamin da bai taɓa gani ba, wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ba abin da ya haɗa su sai saƙo? Ni dai na tsaya a kan cewa zai iya, da sharaɗi guda: malamin ya karanta abin da aka aika masa, ya dawo da shi da gyara, ya sa a sake. In akwai wannan, nisa bai hana komai ba. In babu, ko a ɗaki ɗaya suke kwana ba a yi koyo ba.

Hujja ta farko tana cikin tarihin ƙagaggen labarin Hausa na boko shi kansa, domin ta hanyar gidan waya aka haife shi. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai, East kuma ya zagaya garuruwa yana lallashin malamai su gwada. Shi da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha wajen shawo kansu, don a ganin malamin wancan zamani ƙaga labari wasan yara ne da hirar tsofaffin mata, ba abin da mai ilimi zai ɓata tawadarsa a kai ba. Waɗanda suka amsa kira ba a Zariya suke zaune duka ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, John Tafida kuma ya haɗa hannu da East suka fitar da Jiki Magayi. Ba ɗayansu da ya taɓa zama a aji aka koya masa yadda ake ƙulla labari, don babu ajin. Sun rubuta a inda suke, sun aika, an karanta a Zariya, an datse, an daidaita, an rubuto musu wasiƙa.

Wasiƙun nan su ne abin lura. Littafin tarihin rayuwar Imam, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, ya adana wani ɓangare na abin da ya gudana tsakaninsa da East, kuma duk wanda ya duba zai ga ba yabo kaɗai ake aika wa matashin malamin ba. East ya lura cewa wasu labaran da ke cikin rubutun an ɗebo su daga littattafan da Imam ya karanta, ya kuwa ja hankalinsa a kai. Masu nazari sun daɗe da nuna yadda takun-saƙar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta yi kama da abin da ke cikin Maƙamatul Hariri. Mai koyo ba ya ganin irin wannan a rubutunsa, domin abin da ya karanta ya riga ya narke a kansa har yana jin nasa ne. Sai wani ido na dabam ya zo ya ce masa nan aro ka yi, nan kuma naka ne, ka ƙara daga naka. Tazarar da ke tsakanin Katsina da Zariya ba ta rage wa wannan ido kaifi ba. Abin da Imam ya samu a 1934 shi ne ainihin abin da yau ake kira horon sanin makamar aiki daga nesa, sai dai shi nasa saƙon yakan yi kwanaki a jakar masinja.

Bayan rabin ƙarni, Kaduna ta sake buɗe wata ƙofa ta nesa. A lokacin Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna yana da shirin Shafa Labari Shuni, inda ake karanta labaran da masu sauraro suka rubuto, yawanci da hannu a littafin makaranta. Matasa da matan aure da dama a nan suka fara jin cewa abin da suka rubuta a ɗaki zai iya kaiwa kunnen mutanen da ba su sani ba, kuma wannan ya taimaka wajen ingiza guguwar da ta taso a tsakiyar shekarun 1980, wadda ta ba mu Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Sai dai rediyo mai karantawa ne, ba ya mayar wa kowa da rubutunsa da jan biro. Kasuwar littattafai ta Kano ma haka: marubuci ya rubuta, ya kai wa mai buga keken rubutu, ya biya maɗaba'a, ya kai wa 'yan kasuwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun yi ƙoƙarin duba wa juna rubutu kafin bugu, amma littattafan sun fi ƙarfin masu dubawa. Da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan adabi sunan Adabin Kasuwar Kano, da kuma muhawarar da ta ɓarke a shafukan jaridar New Nigerian ta nan Kaduna a ƙarshen shekarun 1990, an yi ta jayayya a kan tarbiyya da soyayya da tasirin finafinan Indiya. Amma ƙarƙashin duk wannan hayaniya akwai wani ƙorafi da masu suka da masu karewa ba su cika musu a kansa ba, wato rashin tacewa. An samu marubuta, an samu makaranta, editan ne ya ɓace.

Wayar hannu ta ninka wannan matsala. Yau yarinyar Tirkaniya ba ta buƙatar maɗaba'a. Za ta buɗe guruf a WhatsApp, ko ta ɗora a Wattpad ko ArewaBooks, ta saki shafukan farko kyauta, in labarin ya kama ta ce sauran na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira a shiga. Ba na raina wannan, domin akwai matan da suke ɗauke wa kansu ɗawainiya da shi, kuma ya sa dubban mutanen da ba za su taɓa shiga kantin littattafai ba suna karatun Hausa kullum dare. Amma a duba yadda tsarin yake tarbiyyar mai koyo. Ana rubuta shafi da rana a sake shi da dare, don makaranta na jiran ci gaba, in an yi kwana biyu ba a saki ba sai ƙorafi. Abin da ya fita ya fita, ba dawowa a gyara. Sharhin da ake samu kuma na masoya ne: Allah ya ƙara basira, wannan kishiya ta cika muguwa, don Allah kar ki kashe mana wane. Irin wannan sharhi yana koya wa marubuciya abin da ke riƙe makaranci, kuma wannan ilimi ne, amma ba ya gaya mata cewa babi na uku da na bakwai abu ɗaya suka faɗa, ko cewa tauraruwarta ba ta yanke shawarar komai da kanta tun farkon littafi. Tana iya rubuta littafi goma a haka, na goman bai fi na farko ba sai da tsawo.

Bari a ga yadda gyaran yake a aikace. A ɗauka wata mai koyo ta aika wa malamarta babin farko, wanda ya buɗe da yarinya fara, doguwa, mai dara-daran idanu, tana saukowa daga benen wani katafaren gida a Abuja, aka ɓata shafi biyu ana lissafa kujeru da labule da motocin da ke harabar gidan. Malamar kirki ba za ta ce labarin bai yi ba, ba kuma za ta ce ya yi ba. Za ta ja layi a ƙarƙashin shafukan biyu ta tambaya: me yarinyar nan take so da safiyar nan, wa ya hana ta? Za ta nuna wata jimla guda da ta ɓuya a shafi na biyar, inda aka ce mahaifin mai aikin gidan tsohon ma'aikacin masaƙa ne da har yanzu yake ajiye da katin shaidarsa yana jiran haƙƙinsa na sallama, ta ce nan labarinki yake, wannan mutumin kin san shi, gidan Abuja kuwa a fim kika gan shi. Sannan ta bi ƙananan abubuwa: a raba "ya ce" da "ta ce", a mayar wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyoyinsu, a rage alamar motsin rai da aka jera uku-uku, a bar mutane su yi magana ba tare da kowace jimla ta zo da "cikin fushi" ko "cikin sanyin murya" ba. Ta ce a sake, a dawo da shi ranar Juma'a. Babin da zai dawo zai fi na farko gajarta, wataƙila da rabi, kuma ran mai koyon zai ɓaci. Zagaye na uku ne za ta fara jan layin da kanta kafin ta aika. Duk wannan ba abin da ya buƙaci su haɗu.

Masu ja da wannan magana suna da hujja mai ƙarfi daga al'adarmu ta koyon sana'a. Suna cewa ba a taɓa koyon ɗinki ko kanikanci da wasiƙa ba. Yaro yana zama a shago shekaru, yana shara, yana miƙa almakashi, yana kallon yadda ubangidansa ke riƙe yadi da yadda yake lallashin mai kaya, har ranar da za a yaye shi. Karatun zaure ma a gaban malami ake ɗaukarsa, baki da baki. Gaskiya ne, amma a lura da dalilin. Gwanintar tela tana cikin motsin hannunsa, dole a gan shi yana yi. Marubuci kuwa kallonsa yana rubutu ba ya koyar da komai, mutum ne kawai a zaune ya sunkuyar da kai. Gwanintarsa duka tana kan takarda, takarda kuma tana tafiya ko'ina ba ta rage komai a hanya. Har ma gyaran da aka rubuta ya fi na baki zama, domin mai koyo zai koma masa bayan fushinsa ya huce, kuma kunyar da ke hana ƙarami musu da babba ido da ido tana raguwa in a rubuce ne. Ban ce haɗuwa ba ta da amfani ba. A 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam, ya zo Zariya ya zauna watanni, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiya da Turai, daga nan Magana Jari Ce ya fito kundi uku, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma a kula da jerin abubuwan: wasiƙa ce ta gano shi ta fara horar da shi, zama tare ya biyo baya. Da an ce sai wanda ya iya zuwa Zariya za a duba rubutunsa, da Hausa ta yi asarar Imam.

A Tirkaniya kuwa maganar nisa ba ta kilomita ba ce kawai. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, jama'a suka yi ta ƙaura kowa ya koma inda yake ganin nasa sun fi yawa. Harkokin adabi na garin, irin su bikin baje kolin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa da ƙungiyar Open Arts ta Sada Malumfashi ta fara a 2021, da Gidan Arewa, da Jami'ar Jihar Kaduna, mafi yawansu a arewacin kogi suke. Ba wanda ya hana ɗan kudancin gari zuwa, amma akwai kuɗin mota biyu ko uku, akwai uwar da ba ta son 'yarta ta kai magariba a wancan ƙetaren, akwai mijin da ba zai bar matarsa ta je taron da maza suka cika ba. Taron kwana uku a shekara kuma, komai armashinsa, zaburarwa yake yi, ba ya bin rubutun mutum wata da watanni. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a bayan ƙofa. Labari ne gajere, kalma 1,000 zuwa 1,500, ana aikawa ta intanet. Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, Aishatu Musa Dalil daga Kaduna ta lashe a 2021, Amira Souley daga Maraɗi a 2022. Saƙon imel ya ƙetare iyakar ƙasa da ta gida ba tare da neman izinin kowa ba. Sai dai gasa tana zaɓen uku ta yaba wa goma sha biyu, sauran ɗaruruwan ba wanda zai gaya musu inda labarinsu ya karye. Su ne ainihin masu buƙatar malamin nesa.

An gwada irin wannan tsari a wasu wurare kuma ya tsaya da ƙafarsa. A 2001 hukumar British Council da Graham Mort na Jami'ar Lancaster ta Ingila suka fara wani shiri a Yuganda mai suna Crossing Borders, inda ake haɗa sabon marubuci da gogaggen marubuci a Birtaniya, ana aika rubutu ta imel ana dawo da shi da sharhi mai tsawo, daga baya shirin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama har da Nijeriya. A cikin gida akwai SprinNG, wadda ke haɗa matasan marubuta da masu ja musu gora na makonni shida ta waya da intanet, ba tare da karɓar kuɗi ba. Amma duka biyun da Turanci suke. Wanda ke rubutu da Hausa, harshen da ya fi kowane harshen gida a Afirka ta Yamma yawan littattafan hikaya, shi ne ya fi kowa rashin inda zai kai rubutunsa a duba masa. Abin ya fi ban mamaki a Kaduna, garin da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, take tun 1976 tana koyar da malaman firamare daga nesa.

Akwai wata suka da ta fi ta farko zafi, ita ce cewa harkar koyarwa daga nesa gonar 'yan damfara ce. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. A Amurka an kafa wata makarantar koyon rubutu ta wasiƙa a 1961 mai suna Famous Writers School, aka jera hotunan mashahuran marubuta a talla, dillalai suna bi gida-gida suna sa mutane hannu a takardar biyan kuɗi masu yawa. A 1970 'yar jarida Jessica Mitford ta bincika ta wallafa a mujallar Atlantic cewa mashahuran nan ba sa karanta rubutun ɗalibai, kuma gwajin basirar da ake yi kafin ɗauka kusan kowa yana ci. Cikin shekara biyu kamfanin ya durƙushe. Irinsu na nan a wayoyinmu da sabuwar riga: a biya kuɗin rajista, a jefa mutum ɗari biyu a guruf ɗaya, a riƙa turo musu muryar da aka naɗa da takardun da aka kwafo, a ƙarshe a ba kowa satifiket mai ado. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, inda ake kiran abin horo alhali aikin banza ake ci. A sa mai koyo ya rubuta labarin da za a karanta a YouTube ko a mayar da shi fim mai dogon zango, a cire sunansa, a ce ai gogewa yake samu. Amma abin da Mitford ta tona shi ne ya tabbatar da sharaɗin da na kafa tun farko: laifin makarantar shi ne rashin karantawa, nisan bai yi laifin komai ba. Don haka mai koyo yana da ma'auni mai sauƙi tun kafin ya fitar da sisi. Ya tambayi sunan wanda zai karanta rubutunsa da abin da shi ya taɓa rubutawa, ya tambayi mutum nawa ne a hannunsa, sau nawa za a dawo masa da rubutu guda, da kuma sunan wa labarin zai ɗauka in an gama. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan tambaya ta ƙarshe, a bar shi.

Masu cewa rubutu baiwa ce ba a koyar da ita, ba sai an daɗe da su ba. Kunnen jin magana da idon ganin mutane, e, ba malamin da zai dasa su. Amma sanin inda za a fara labari, da abin da za a ɓoye wa makaranci zuwa wani lokaci, da haƙurin zubar da shafi ashirin da aka sha wahalarsu, duk koyonsu ake yi, kuma mai baiwar ne ya fi asara in bai koya ba. Maganar ƙarancin wuta da data ita ma gaskiya ce, amma ta fi shafar masu son kwaikwayon aji da bidiyo kai tsaye. Babi guda na rubutu bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ana iya rubuta shi a littafi da biro a ɗauki hotonsa in waya ta samu caji, malami ya amsa lokacin da ya samu sarari.

Sukar da na fi ɗauka da nauyi ita ce wadda ba a cika yi ba. Malamin nesa bai san unguwar ba, kuma yana da iko. East ya so labarai su zama gajeru, masu sauƙi, waɗanda za su shiga aji, kuma wannan son nasa ya shata wa rubutun zube na Hausa hanya shekaru da yawa, har ana iya cewa tatsuniya da wa'azi sun daɗe suna danne labarin rayuwar yau da kullum. Haɗarin da ke gaban ɗan Tirkaniya ya yi kama da wannan. Hausar da ake yi a kudancin Kaduna ba ta Kano ba ce. Mutum zai ce "Maman Blessing ya tafi kasuwa", ƙ ta koma k, Turancin buroka ya kutso tsakiyar jimla ya fita. In mai koyo ya sa wannan a bakin taurarinsa, edita a Kano ko Katsina zai iya ɗauka kuskure ne ya bi da jan biro ya daidaita, sai a wayi gari matar da ke sayar da doya a bakin titin Tirkaniya tana magana kamar mai karanta labaran ƙarfe takwas. Haka kuma zai iya tura labarin ya koma gidan da ya saba gani a littattafai, na kishiyoyi da lefe, alhali abin da mai koyon ya sani shi ne gidan haya mai ɗaki goma inda ake jin kiran salla da waƙar coci a safiya ɗaya, da maƙwabtan da suka ɓoye juna ranar da gari ya rikice. Wannan rayuwa, ta miliyoyin masu jin Hausa da ba Hausawa ba, kusan babu ita a adabinmu. Tun John Tafida na Wusasa, Kiristocin da suka rubuta ƙagaggen labari da Hausa har ya shahara ba su da yawa.

Ban ga wannan a matsayin dalilin guje wa malamin nesa ba, domin malamin kusa ma yana iya yin ɓarnar, wataƙila fiye, tunda shi ana jin nauyinsa. Abin da ya kamata shi ne a raba aiki. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojinta, don a karanta a Damagaram da Kumasi a fahimta, a nan malami yake da ta cewa. Bakin taurari kuwa na mai koyo ne, shi ya ji su, kuma malami nagari tambaya zai yi kafin ya taɓa: haka ake faɗa a wajenku? Rashin sanin wurin ma yana da ribarsa. Wanda ya tashi a Kakuri ba zai ga abin bayani a ƙofar masaƙar da ciyawa ta cinye ba, kullum yana wucewa ta gabanta. Baƙon da ke Sakkwato shi ne zai ce ban gane ba, me ake yi a nan da, ina mutanen suka tafi, sai mai koyo ya tashi ya je ya tambayi tsohon da ke zaune a bakin shago yadda jiniyar canjin aiki take tashin unguwa da asuba.

Saura batun wanda zai ɗauki nauyi, kuma a nan lissafin ba shi da daɗi. Karanta babi guda da idon gyara, a rubuta sharhin da zai amfani mai shi, yana cin sa'o'i, ga kuma zagaye na biyu da na uku. Marubucin da ke da aikinsa da iyalinsa ba zai riƙe fiye da mutum huɗu ko biyar a lokaci guda ba tare da ya fara ha'inci ba. Ke nan tsarin ba zai taɓa zama na mutum ɗari a guruf ba, kuma kuɗin da yarinya mai jiran JAMB za ta iya biya ba zai sayi lokacin gogaggen marubuci ba. East albashin gwamnati yake ci yana karanta rubutun Imam, malaman Crossing Borders ma biyansu ake yi. Hukumomin da ke sa gasa da kyautar miliyoyi, da sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Kaduna, da reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, da masu shirya finafinai masu dogon zango da kullum suke kukan ƙarancin marubuta, su ne ke da abin da za a biya masu gyara da shi. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ake kashewa a daren ba da kyauta, na zaure da abinci da masaukin baƙi, aka ware, zai ɗauki nauyin editoci da dama su bi labaran da suka faɗi a zagayen farko har wata shida.